Wane Baƙin Mai Ya Dace da Motarka? Yadda Ake Karanta Galan Kafin a Yi Juye

Ka kai mota juye a kowane gareji a Kano, daga Kwakwachi har Hotoro, zancen kusan ɗaya ne. Bakanike zai leƙo daga ƙarƙashin bonet ya ce, "Alhaji, wane mai za a zuba?" Kai kuma ka ce, "Oga, a sa mai kyau." Shi ke nan. A tashi yaro ya dawo da galan ɗin 20W-50, a ɗiga a yatsa a murza a nuna maka kaurinsa, a ce wannan shi ne maganin zafin Kano. Haka ake yi wa Golf ɗin haya da ta ga jiya ta ga yau, haka ake yi wa Corolla da ta sauka daga Kwatano makon jiya.

Ni ma na yi shekaru a kan wannan turba, sai ranar da aka buɗe saman injin wata Honda da na taɓa riƙewa, na ga abin da ya daskare a ciki kamar kwalta. Ban zargi bakaniken ba. Abin da ya tarar wurin maigidansa yake yi, maigidan kuma ya koyi aiki ne a zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, wadda mai kauri ya dace da ita. Injinan ne suka sauya, al'adar ta tsaya inda take.

Wannan bayani na motocin fetur ne. Injin dizal da babur da A Daidaita Sahu kowanne da nasa hukuncin.

Mataki na farko: tambayi motar kanta

Kafin ka tambayi kowa, buɗe bonet ka dubi murfin da ake zuba mai. Motoci da yawa, musamman Toyota da Honda da aka yi wa kasuwar Amurka, an rubuta lambar man a jikin murfin: SAE 5W-30, ko 5W-20, ko 0W-20. Sai ka nemi littafin motar. Na san yawancin motocinmu na hannu ba sa zuwa da shi, amma manyan kamfanoni sun ɗora littattafan a intanet. Sunan mota da shekararta da girman inji sun ishe ka nema. Abu uku za ka kwafa a takarda: lambar kauri, matsayin inganci, da yawan litar da injin ke ci idan an sauya filta.

Wani abu da ake mantawa: idan an taɓa sauya wa motar inji, wataƙila da wanda aka ɗauko a Ƙofar Ruwa, to injin za ka bi, ba gangar jiki ba. Ka sa bakanike ya karanto maka lambarsa. A Toyota za ka ji irin su 1ZZ ko 2ZR ko 2AZ. Corolla da Pontiac Vibe na 2003 zuwa 2008 masu 1ZZ, 5W-30 aka rubuta musu a Amurka. Corolla da ta biyo baya mai 2ZR ta koma 5W-20 ko 0W-20. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007, wadda ake kira EOD da DC, 5W-20 ce. Ka ga ke nan ko a cikin motocin da suka cika titin Zariya, babu wadda aka rubuta wa abin da muke ɗura musu.

Mataki na biyu: gane lambobin nan biyu

A nan ne rikicin yake, don haka zan daɗe.

Kowane mai yana yin kauri idan ya yi sanyi, ya tsinke idan ya yi zafi. Duk wanda ya ga manja ya daskare a kwalba da safiyar hunturu, ya kuma gan shi kamar ruwa a kasko, ya riga ya fahimci wannan. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ce ta tsara lambobin da ke nuna yadda mai ke yi a yanayi biyun.

Lambar farko mai harafin W tana magana ne kan sanyi, domin W ɗin farkon kalmar hunturu ce a Turanci. Ana gwada 20W a sanyin digiri 15 ƙasa da sifili, 10W a digiri 25 ƙasa da sifili, 5W a 30, 0W kuma a 35. Lamba ta biyu ita ce kaurin man a zafin digiri 100 na Salshiyas, wato kusan zafin da mai ke aiki a cikinsa idan inji ya ɗau zafi. A ma'aunin da ake kira santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuwa daga 16.3 zuwa 21.9. Saboda haka 5W-30 da 10W-30 kaurinsu ɗaya idan inji ya yi zafi. Bambancinsu yana wurin tashi ne kawai.

Mai hankali zai ce, to mu ina ruwanmu da digiri 30 ƙasa da sifili? Sanyin Kano mafi tsanani, a Disamba da Janairu, bai kai ruwa ya daskare ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na ganin dalilin tayar da jijiyar wuya kan 5W da 10W a garin nan. Amma ga inda gizo ke saƙar. Ko a zafin digiri 40, irin na tsakar ranar Afrilu, 20W-50 ya fi 5W-30 kauri kusan ninki biyu da rabi. A wurin inji, ranar da ta fi kowace zafi a Kano "sanyi" ce, tun da shi sai wajen digiri 90 zuwa 100 yake daidaita. Duk lokacin da ka tayar da mota da safe, akwai ɗan lokaci kafin famfo ya tura mai zuwa saman inji, kuma mai kauri ya fi jinkirin isa. Ƙarar nan ta "kar-kar-kar" da wasu motoci ke yi na daƙiƙa biyu ko uku da asuba, sau da yawa ƙarfe ne ke jiran mai.

Na biyu, zafin da ke cikin inji ba rana ce ke kawo shi ba, wutar fetur ce. Lagireto da fanka da ɗan abin nan mai daidaita zafin ruwa, wato tamostat, su ke riƙe shi a ma'auni ɗaya, ko a Kano ko a Jos. Zafin gari yana ƙara wa mai 'yan digiri, musamman a cunkoson Kantin Kwari da na'urar sanyaya mota a kunne, amma bai kai ya mai da injin 5W-20 ya zama na 20W-50 ba. Af, tun da zancen ya zo: al'adar cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar, wai don kada ta yi zafi, cutar baƙin mai ce. Injin da ba ya kai zafinsa ba ya ƙone ruwa da fetur ɗin da ke sulalewa cikin mai, sai man ya lalace da wuri, mota kuma ta ƙara shan fetur.

Na uku, injinan zamani ba shafawa kawai suke yi da mai ba, aiki suke sa shi. Tsarin VVT-i na Toyota da i-VTEC na Honda da ƙarfin turin mai suke juya lokacin buɗewar bawul, ta cikin ƙananan ƙofofi da 'yar rariya mai laushi. Abin da ke ɗaure sarƙar tayimin ma da mai yake aiki. Idan man ya yi kauri da yawa ko ya yi dauɗa, sai mota ta mutu a jiki, fitilar inji ta kama, a shiga sauya fulogi da nozil ana laluben cuta a inda ba ta.

Sai dai kada in yi wa kanikawa rashin adalci, maganarsu ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba. Dokokin tsimin fetur na Amurka suna cikin abin da ya tura kamfanoni zuwa 0W-20 da 5W-20, kuma akwai injinan da littafinsu na ƙasashe masu zafi ya ba da zaɓi mai faɗi, da jadawalin da ke nuna 5W-30, 10W-30, 15W-40, wani lokaci har 20W-50 a tsofaffin samfura. Idan littafinka yana da irin wannan jadawali, zaɓi daga cikinsa da kwanciyar hankali. Idan lamba ɗaya ya bayar, ita ce ta farko. A ra'ayina, hawa mataki ɗaya, daga 5W-20 zuwa 5W-30, ga motar da ta yi tafiya mai yawa tana aiki a Kano, abu ne da za a iya karewa. Tsallake matakai uku lokaci guda kuwa, ban ga hujjarsa ba.

Mataki na uku: haruffan da ba a kula da su

Kauri rabin magana ne. Galan biyu za su iya ɗaukar 20W-50 ko 5W-30 iri ɗaya, amma ɗaya na zamanin da ne, ɗaya na yau. Abin da ya raba su shi ne sinadaran da aka zuba a ciki: masu wanke dauɗa, masu hana ƙarfe cin ƙarfe, masu hana tsatsa da kumfa. Cibiyar man fetur ta Amurka, API, ita ce ke ba da haruffan da ke nuna wannan.

Juya bayan galan ka nemi API da haruffa biyu. Idan sun fara da S, na fetur ne. Idan da C ne, na dizal. Harafi na biyu kuwa, duk yadda ya yi nisa a jerin abacada, haka man ya fi zama sabon tsari. SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, SQ kuma a 2025. Sabo yana maye gurbin tsoho: motar da aka rubuta wa SL za ta sha SN ko SP lafiya lau, amma wadda aka rubuta wa SN ba a mai da ita SL. Su kuwa SF da SG, waɗanda har yanzu za ka gani a jikin wasu galan masu araha, API da kanta ta ce SF bai dace da yawancin injinan da aka ƙera bayan 1988 ba, SG kuma bayan 1993. Man da aka rubuta masa SAE 40 ko SAE 50 kawai, babu W, yawanci a wannan sahu yake. A bar wa tsofaffin injina.

Masu sababbin motoci masu turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda su buɗe kunne a nan. Irin waɗannan injina suna da wata cuta: fetur ya kama da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, a lokacin da aka taka totur mota tana tafiya a hankali, kuma bugu ɗaya na iya fasa fistin. Saboda ita aka fito da SN Plus a 2018, sannan SP ya haɗa da gwajinta da na cinyewar sarƙar tayimin. Idan motarka irin wannan ce, kada ka sauka ƙasa da nan.

A kan man da ake yi wa motocin Japan da Amurka za ka ga ILSAC, ma'aunin da kamfanonin motocin ƙasashen biyu suka haɗu suka tsara, wato GF-5 ko GF-6A, galibi da wata alama mai kama da tauraro a gaban galan. Wannan yana nufin man ya cika sharuɗɗan API, ya ƙara da tsimin fetur, kuma an taƙaita sinadarin fosfaras a cikinsa don kada ya kashe tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. GF-6B na 0W-16 ne kaɗai, kada ka ɗauke shi sai motar da ta nema.

Motocin Turai nasu tsarin daban. Su ma'aunin ACEA suke bi, wato ƙungiyar kamfanonin ƙera motoci ta Turai, inda za ka ga A3/B4 ko A5/B5 ko C3, sannan kowane kamfani da lambar amincewarsa: Marsandi tana da MB 229.5, Volkswagen tana da VW 502 00, BMW tana da Longlife-01. Mai Marsandi ko Passat ko Fijo 406 ya nemi abin da littafinsa ya ambata a bayan galan, ko da kaurin ya yi daidai. 5W-30 na ILSAC da 5W-30 na A3/B4 ba abu ɗaya ba ne; na biyun ya fi riƙe jikinsa a matsanancin zafi na digiri 150 da ake gwada su. Ka kuma lura da lafazi: galan da ya ce kamfanin mota ya amince da shi daban, wanda ya ce shi a ganinsa ya kai matsayin daban.

Man dizal fa, tun da wasu direbobi suna rantsuwa da 15W-40? Idan an rubuta masa haruffa biyun, misali CI-4/SL, zai yi wa motar fetur da littafinta ya yarda da SL da wannan kauri. Idan C ce kaɗai, bar shi. Haka kuma man mota mai tsimin fetur ba a zuba wa babur, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka. Shi man da ke ɗauke da JASO MA yake nema, ma'aunin Japan na man babur.

Mataki na huɗu: na gargajiya ko sintetik

Ba sai an ja wannan ba. Idan lambarka 0W-20 ce, ko motar mai turbo ce, sintetik za ka saya, wato man da aka sarrafa ta hanyar sinadarai fiye da na gargajiya, kusan babu wani zaɓi. Idan 5W-30 ce ko 10W-40, akwai gauraye, wato haɗin na gargajiya da sintetik, da kuma cikakken sintetik. Cikakken ya fi jure zafi, ya fi jinkirin yin kwalta. Amma gara mai matsakaici na gaskiya da ake juyewa a kan kari, da mai tsada da za a bari ya shekara a inji don ana jin zafin kuɗinsa.

Ana cewa sintetik yana sa tsohuwar mota yoyo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: roba ce ta riga ta bushe, dauɗa ta toshe wurin, sabon mai ya wanke dauɗar.

Mataki na biyar: dubi halin da injin ke ciki

Ga tambayar da aka fi yi mini: "Motata ta shekara biyar tana shan 20W-50, in koma abin da ke kan murfi?" Amsata, gwada, amma da ido a buɗe. Ka zuba lambar da ta dace ko wadda ke sama da ita da mataki ɗaya, da sabuwar filta, ka riƙa duba geji kowane mako. Juyen farko ka yi shi da wuri, wajen kilomita 2,000 zuwa 3,000, saboda sabon man zai kwaso tsohuwar dauɗa. Idan mai bai ragu sosai ba, babu shuɗin hayaƙi, fitilar mai ba ta ƙyaftawa idan mota ta yi zafi tana tsaye, ka zauna a nan. Idan tana sha, hau zuwa 5W-40 ko 10W-40 ka sake lura.

Injin da ringinsa ya cinye, yana hayaƙi, shi kam 20W-50 zai iya rage masa sha ya ja shi zuwa lokacin da aljihu zai iya gyara. Lallaɓawa ce, ba magani ba. Camry mai injin 2AZ ta wajen 2007 zuwa 2009 ta yi suna wajen shan mai saboda yadda aka ƙera fistin da ringinta, har Toyota ta yi shirin gyara a Amurka. Mai irin wannan mota ya riƙe lita ɗaya a but, ya saba da geji.

Abu biyu zan hana ka kai tsaye. Kada ka yarda a wanke cikin inji da kananzir ko fetur ko gas. Dauɗar da ta ɓalle gaba ɗaya tana iya toshe rariyar famfon mai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Sannan 'yar gwangwanin nan mai kaurin zuma da ake ƙarawa a kan mai, ba abin da take yi illa ɓata lissafin da masu haɗa man suka yi.

Mataki na shida: saye

Duk wannan karatu banza ne idan abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba. Jabun baƙin mai yana nan, hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama shi. Wani tsohon mai ne aka tace, wani ɗanyen mai ne da ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba, a ɗura a galan na gaske da aka tsinto daga gareji. Ba girin-girin ba, ta yi mai: ƙyallin galan ba shaida ba ne, haka launi, haka murzawa a yatsa.

Saya a gidan mai na kamfanin da ke yin man, ko wurin dilan da aka san shi da shago tsayayye. Dubi zoben murfi ko an taɓa karya shi, dubi takardar da ke liƙe a baki, lambar rukuni da ranar da aka yi. In akwai wurin kankarewa a tura lamba, kankare ka tura kafin ka bar wurin. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, ka san araha ba ta ado. Man da ake aunawa daga duro a kwalbar lemo a bakin titi kuwa, ko kyauta ne kada ya shiga motarka. Kuma ba dole sai na waje ba. Akwai kamfanonin da ke haɗa mai a Nijeriya, har a nan Kano, ka auna su da ma'auni ɗaya: lambar SAE, haruffan API, da tabbacin daga hannunsu ya fito.

Galan ɗin Amurka da kwat ake auna shi, ba lita ba. Mai kwat 5 lita 4.73 ne. Ka san wannan kafin ka ce an sha maka.

Mataki na bakwai: ranar juye da bayanta

Ka je da manka da filtarka, ka tsaya a buɗe a gabanka. Ba rashin yarda ba ne, kowane oga na ƙwarai ya fi son haka. A juye mai yana da ɗumi, a sauya filta kowane juye, a zuba adadin da littafi ya ce. Bayan an tayar an kashe, a jira minti biyar zuwa goma a kan ƙasa mai daidai, a zaro geji a goge a mayar a sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamomi biyu, kusa da ta sama. Cikawa ya wuce alama ba gata ba ne. Ƙarfen da ke juyawa a ƙasa zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa. Idan an gama, huda galan ɗin da wuƙa kafin ka bar shi.

Baƙin da mai ke yi bayan 'yan makonni ba lalacewa ba ne, aikinsa yake yi na ɗauke dauɗa. Abin tsoro shi ne ya koma kamar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga, ko ya riƙa warin fetur sosai. Fitilar nan ja mai kama da butar shayi kuma, idan ta kama kana tafiya, ba cewa take a ƙara mai gobe ba. Gangara gefe ka kashe mota nan take, kafin inji ya buga.

Tazarar juye kuwa, littattafan mota suna da jadawali biyu, na aiki mai sauƙi da na aiki mai wahala. Sharuɗɗan mai wahala su ne ƙura, gajerun tafiye-tafiye, da daɗewa a tsaye inji na aiki. Wanda ke kai yara makaranta a Gwale, ya wuce kasuwar Sabon Gari, ya dawo ta cunkoson Kurna cikin ƙurar hunturu, ya cika su duka. Ni ina juye mai na gargajiya ko gauraye a kilomita 5,000, sintetik na gaskiya a wajen 7,000 zuwa 8,000, kuma ba na wuce wata shida ko da motar ba ta yi tafiya ba. Da hunturu a riƙa duba filtar iska, domin ƙurar da ta wuce ta a cikin mai take ƙarewa.

Ka kuma duba da me motarka ke ƙirga tafiya. Wadda ta zo daga Amurka da mil take lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Idan yaron gareji ya ƙara 5,000 a kan lambar da ya gani ya rubuta maka a takarda, kilomita 8,000 ya ba ka bai sani ba. In kilomita 5,000 kake nufi, ce masa ya ƙara 3,100.